Ƙaramar Hukuma da Gonakin Karkara: Tambayoyi da Amsoshi kan Kare Filayen Noma da Bunƙasa Aikin Gona a Arewacin Najeriya

Manoma da yawa ba sa tunawa da sakatariyar ƙaramar hukumarsu sai lokacin rabon taki ko lokacin da rikici ya tashi a kan iyakar gona, alhali doka ta ɗora wa wannan mataki na gwamnati nauyi mai yawa game da ƙasar noma. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi a kan wannan nauyi, a kan iyakarsa, da kuma abin da manomi zai iya nema a matsayin haƙƙinsa.

Shin noma yana cikin ayyukan ƙaramar hukuma, ko aikin gwamnatin jiha ne kawai?

Yana ciki. Jadawali na 4 na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomin ƙasar nan 774, kuma ya ce za su sa hannu tare da gwamnatin jiha wajen bunƙasa noma da albarkatun ƙasa, in ban da haƙar ma'adinai. A nan aikin na tarayya ne tsakaninsu da jiha, kamar yadda yake a ilimin firamare da kiwon lafiya. Amma akwai wasu ayyukan da jadawalin ya damƙa wa ƙaramar hukuma kai tsaye, waɗanda suke shafar manomi kullum ko da ba a kira su ayyukan gona ba: kafa kasuwanni da kula da su, mayanka, tashoshin mota, hanyoyi da magudanan ruwa, har da lasisin amalanke da kwalekwale. Manomin da tumatirinsa ya ruɓe saboda kwalbati ta karye a hanyar ƙauyensu, asararsa ta taso ne daga aikin da yake wuyan ƙaramar hukuma.

Wa ke da ikon ƙasar noma a karkara bisa doka?

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa, ta sanya dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana domin amfanin jama'a. Daga nan sai ta raba kulawa gida biyu. Ƙasar da ke cikin yankin da aka ayyana a matsayin birni tana ƙarƙashin gwamna, sauran ƙasar kuwa, wato ta karkara, tana ƙarƙashin ƙaramar hukumar da take cikinta. Sashe na 6 ya ba ƙaramar hukuma ikon ba mutum ko ƙungiya izinin zama na gargajiya domin noma, gina gida ko kiwo, da sharaɗin kada abin da za a ba mutum ɗaya ya wuce hekta 500 idan noma ne, ko hekta 5,000 idan kiwo ne, sai da yardar gwamna.

Wannan tsari bai zo wa Arewa a matsayin baƙo ba, domin tun dokar ƙasa ta 1910 ta zamanin Turawa, da kuma dokar mallakar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962, an riga an ɗauki ƙasa a matsayin abin da hukuma ke riƙewa saboda jama'a. Abin da ya sauya shi ne mai riƙon. Da can En'e ce, wato hukumar gargajiya, da sarki a bisanta, sai gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo majalisun da muka sani yanzu. Dokar 1978 ɗin tana da wuyar gyarawa, domin sashe na 315 na kundin tsarin mulki ya ba ta kariya, ba a taɓa ta sai ta hanyar da ake bi a gyara shi kansa kundin. Babban Birnin Tarayya daban ne: majalisun yankunan Abuja ba su da ikon rabon ƙasa.

Na gaji gona daga iyayena, kuma ba ni da wata takarda. Ko doka ta san da ni?

Ta san da kai. Sashe na 36 na dokar 1978 ya ce duk wanda yake riƙe da ƙasar karkara yana nomanta kafin dokar ta fara aiki, za a ɗauke shi tamkar wanda ƙaramar hukuma ta ba izinin zama na gargajiya, kuma wannan haƙƙi yana bin magada. Sashen ya ƙara da cewa mai gona yana iya kai zane ko bayanin iyakokin gonarsa ga ƙaramar hukuma, ya cike takardar nema, ita kuma idan ta gamsu ta yi masa rajista. Manoma kaɗan ne suka san da wannan, kuma ƙananan hukumomi kaɗan ne suke da littafin rajistar da za a iya dogaro da shi.

Rashin takarda ba ya soke haƙƙi, amma yana raunana mai shi a ranar da aka zo da gardama. Shaidar dattawan da suka san iyaka tana ƙarewa da mutuwarsu, itacen da aka yi alama da shi ana sarewa, kuma wanda ya je ya samo takardar mallaka daga gwamna a kan wannan ƙasar, abin da sashe na 5 ya halatta ko a birni ko a karkara, yakan shiga kotu da hujjar da ta fi sauƙin nunawa.

Me ya fi cinye gonaki a yanzu?

A kewayen manyan garuruwa, gini ne. Duk wanda ya san Kumbotso, Ungogo, Gezawa, Dawakin Kudu da Dawakin Tofa shekaru 30 da suka wuce ya san cewa wuraren da yanzu suke unguwanni, gonakin dawa da gero da gyaɗa ne. Wannan yanki na kewayen Kano ya shahara da noma shekara da shekaru ba tare da hutar da ƙasa ba, saboda manoma sun riƙa kwaso taki da shara daga birni a kan jakuna suna zubawa, suna haɗa hatsi da wake, suna barin ɗorawa da kuka da gawo a cikin gona. Ƙasar da aka ɗauki zuriya bayan zuriya ana ginawa da taki, ita ce ake yankawa fuloti-fuloti a cikin mako guda.

Hanyar da aka fi bi ita ce wadda Kanawa ke kira awon igiya. Dillali ya sayi gona daga hannun magada, ya auna da igiya, ya yanka, ya bar ɗan lungu, ya sayar, ba tare da an ware wurin makaranta, asibiti ko magudanar ruwa ba. Da zarar an gina gidaje biyar a tsakiyar gonaki, maƙwabtan gonar sun shiga uku: awaki da yara su hana shuka tsayawa, sata ta yi yawa, sai mai gonar da ke gefe ya ga gara shi ma ya sayar. Haka abin yake yaɗuwa. Bai kamata a ɗora wa manomi laifi shi kaɗai ba, domin kuɗin da za a ba shi a kan eka ɗaya a bakin gari ya ninka abin da zai samu daga nomanta na shekaru masu yawa, ga kuma aurar da 'ya'ya, ga jinya, ga bashi.

Can nesa da birni kuwa matsalar daban ce: zaizayar ƙasa, rairayin hamada a arewacin Yobe, Jigawa, Katsina da Sakkwato, haƙar yashi da jar ƙasa, sai kuma rashin tsaro, wanda ya sa gonaki da yawa a Zamfara, Katsina, Kaduna da Borno suka koma saura saboda masu su ba sa iya zuwa.

Ƙaramar hukuma za ta iya hana a yanka gona a mayar da ita filayen gini?

A takarda tana da makamin yin haka. Sashe na 21 na dokar ya haramta sayarwa, jinginarwa ko sauya hannun ƙasar da ke ƙarƙashin izinin gargajiya ba tare da amincewar ƙaramar hukuma ba, sashe na 36 kuma ya hana yanka irin wannan ƙasar gida-gida. Dokar ta kuma ce a kafa kwamitin ba da shawara kan rabon ƙasa a kowace ƙaramar hukuma. Da ana aiki da waɗannan tanade-tanade, ba a yanka gona ko ɗaya ba tare da sa hannun hukuma ba.

A aikace, cinikin gona yakan ƙare ne a zauren mai unguwa ko dagaci, da takarda da shaidu da la'ada, kuma ƙaramar hukuma ba ta jin labari sai an fara zuba tubali. Wani lokaci ma ita kanta ce take yanka filin da ya kamata ta tsare, domin kuɗin shiga ko domin a saka wa magoya baya. Ra'ayin mai wannan rubutu shi ne hani kawai ba zai yi aiki ba, tun da gari dole ne ya faɗaɗa kuma mutane dole ne su sami wurin kwana. Abin da zai yiwu shi ne zaɓi. Majalisar ƙaramar hukuma ta zauna da hakimai, dagatai, sarakunan noma da ma'aikatan safiyo, a fitar da taswirar da ta nuna fadamu da ƙasa mai ƙarfi da ba za a yarda a gina ba, a kuma nuna tudu da fako da ƙasa mai tsakuwa inda za a karkata gini, a kai hanya da ruwa can domin mai neman fili ya fi son wurin. Idan aka mayar da wannan taswira dokar ƙaramar hukuma, aka kafe ta a sakatariya da fadar hakimi, wanda ya sayi fili a cikin fadama ya san abin da ya saya.

Sai dai akwai iyaka. Tsara birane aikin jiha ne, kamar yadda Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2003 a shari'ar da jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, saboda haka dole ne taswirar ƙaramar hukuma ta daidaita da ta hukumar tsara birane ta jiha, irin su KNUPDA a Kano.

Idan gwamna ya ayyana yankinmu a matsayin birni, me zai sauya?

Sashe na 3 na dokar 1978 ya ba gwamna ikon yin wannan ayyanawa ta hanyar sanarwa a mujallar gwamnati. Daga ranar, ikon ƙaramar hukuma na ba da izinin ƙasa a wannan yanki ya faɗi, komai ya koma ma'aikatar ƙasa ta jiha. Da yake jihohi sukan ayyana hedikwatar ƙananan hukumomi da kewayensu a matsayin birni, gonakin da suka fi fuskantar barazanar gini su ne sau da yawa waɗanda suka fita daga hannun ƙaramar hukuma. Kafin a shigar da koke a kan wata gona, yana da kyau a fara tambayar ko tana cikin wannan da'ira.

Hukuma za ta iya karɓe gonata? Wace diyya zan samu?

Za ta iya, idan domin amfanin jama'a ne, kamar makaranta, asibiti, hanya ko madatsar ruwa, kuma dole ne a ba mai gona sanarwa. Abin da yake ba manoma mamaki shi ne dokar ba ta biyan kuɗin ita kanta ƙasar. Ana biyan diyyar abin da ke kanta ne: amfanin gona, itatuwa masu 'ya'ya, gini, rijiya, hanyar ban ruwa, bisa ƙimar da jami'in gwamnati ya yanke. Wannan ne ya sa mutum zai rasa gonar da take ciyar da gidansa ya tashi da kuɗin da bai kai na girbi biyu ba.

Amma idan ƙaramar hukuma ce ta karɓi gonar da ake nomawa, sashe na 6 ya wajabta mata ta ba manomin wata ƙasar ya ci gaba da noma, kuma idan ta ƙi biyan diyya cikin lokacin da ya dace, gwamna yana da ikon sa a ƙiyasta a kuma umarce ta ta biya. Tarihi ya nuna abin da sakaci a wannan fanni yake haifarwa. Bayan gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara, manoman da ruwa ya cinye gonakinsu da waɗanda aka hana su noma suka tare hanyoyi saboda rashin diyya, kuma a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, mutane da dama suka mutu. Aikin na gwamnatin tarayya ne, amma darasinsa ya shafi duk wanda zai karɓi gona a hannun talaka.

Mene ne haɗin burtali da makiyaya da kare gonaki?

Haɗin na kusa ne, domin inda aka toshe burtali, shanu gona suke bi. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ta ba da damar keɓe wuraren kiwo, amma da yawa daga cikin wuraren da aka ware ba a taɓa kammala musu takardun doka ba, ba a kuma kafa musu turaku ba. Da jama'a ta ƙaru, sai manoma suka riƙa cin burtali taƙi-taƙi kowace damina, masu hali kuma suka riƙa samun takardar manyan gonaki a cikin makiyaya da gandun daji, wani lokaci da sa hannun shugabannin ƙananan hukumomi da masu sarauta. Mashaya ma an kewaye su da lambuna.

A nan ne ƙaramar hukuma take da aikin da ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Kafin ruwan shuka ya sauka, a fita da dagaci, arɗo, sarkin noma da ma'aikacin gona a bi burtali da ƙafa, a kafa turakun siminti, a rubuta faɗinsa da sunayen waɗanda suka shaida. A kuma sa ranar da kowa zai kwashe amfaninsa kafin a saki dabbobi cikin gonaki. Idan aka yi ɓarna, kwamiti ya je ya ƙiyasta tun sawun yana nan, a biya, kafin magana ta kai ga sanda da adda. Jigawa ta kafa hukuma ta musamman domin sasanta manoma da makiyaya, kuma nasarar irin wannan hukuma tana rataye ne a kan kwamitocin da ke ƙauyuka.

Akwai wani wuri kusa da mu da ya tsara wannan aiki da kyau?

Jamhuriyar Nijar ta yi abin dubawa. Dokar tsarin karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa tun daga matakin gunduma har zuwa ƙauye, inda ake haɗa jami'an gwamnati, masu sarauta, wakilan manoma, makiyaya da mata. Kwamitin ƙauye yana ba da takardar shaida a kan gado, saye, kyauta, aro ko jingina, kuma ana yi wa hanyoyin dabbobi alama. Hukuma ce take sanar da ranar sakin gonaki kowace shekara bayan an tuntuɓi jama'a. Tsarin bai kawar da rikici ba, kuma kwamitoci da yawa suna fama da rashin kuɗi, amma ya kai rajistar ƙasa inda manomi yake, a farashin da zai iya biya.

Abu na biyu shi ne sassaben zamani da manoman Maraɗi da Damagaram suka runguma tun shekarun 1980, wato barin kututturan itatuwa su sake toho a cikin gona ana yi musu gyara maimakon a tumɓuke su. An ƙiyasta cewa hakan ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. Abin da ya taimaka shi ne manomi ya sami tabbacin cewa itacen da ya kula da shi nasa ne, malamin daji ba zai ci shi tara a kansa ba.

Ina matsayin mai unguwa, dagaci da hakimi a cikin wannan tsari?

Dokar 1978 ba ta ba su ikon rabon ƙasa ba, amma su ne suka san gonar wane ta yi iyaka da ta wane, kuma a gabansu ake yawancin ciniki da sulhu. Ƙaramar hukumar da ta yi watsi da su ba za ta ga komai ba, wadda kuma ta bar musu komai ba tare da rajista ba ta buɗe ƙofar sayar da gona ɗaya ga mutum biyu. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a ba kowane dagaci littafi mai lamba, kwafin kowace takardar ciniki ya tafi sashen ƙasa na ƙaramar hukuma, a kuma yanke kuɗin shaida a sanar da kowa.

Wane aiki sashen gona na ƙaramar hukuma yake yi, kuma ina malaman gona suka shiga?

Kusan kowace ƙaramar hukuma tana da sashen gona da albarkatun ƙasa, mai ɓangarorin amfanin gona, dabbobi, gandun daji, wani wurin da kifi. Ayyukansa sun haɗa da wayar da kan manoma, rigakafin dabbobi, duba nama a mayanka, renon dashen itatuwa, da kai rahoton ɓarkewar fari, jan baki ko tsutsa.

Tun daga tsakiyar shekarun 1970, lokacin da aka fara shirye-shiryen bunƙasa noma na Bankin Duniya a Funtuwa, Gusau da Gombe, aikin malamin gona ya fi komawa hannun hukumomin jiha irin su KNARDA a Kano, KTARDA a Katsina da JARDA a Jigawa. Da tallafin waje ya ƙare, ma'aikata suka yi ta ritaya ba a maye gurbinsu ba, har ya zama malami ɗaya yana da dubban manoma a wuyansa, kuma sau da yawa ba shi da babur ko man zuwa. Ilimin kuwa yana nan: Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya da reshen IITA (cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa) na Kano sun fitar da irin masara, dawa da wake masu saurin nuna da jure fari da wuta-wuta. Giɓin yana tsakanin cibiyar bincike da gonar manomi. Lokacin da tsutsar tumatir ta yi ɓarna a Kano, Kaduna, Katsina da Jigawa a 2016, manoma da yawa wurin mai sayar da magani suka nemi shawara, shi kuma abin da ke shagonsa ya ba su. Ƙaramar hukumar da ta ɗauki nauyin man babur da gonar gwaji a kowace mazaɓa ta yi aikin da ya fi sayen motar alfarma amfani.

Me ya sa takin gwamnati da tarakta ba sa isa ga ƙaramin manomi?

Taki yakan zo a makare, bayan an wuce lokacin zubawa, kuma yakan bi ta hannun 'yan siyasa, sai buhun da aka yi wa rangwame ya ɓulla a kasuwa. Tushen matsalar shi ne babu sahihin jerin sunayen manoma. Shirin da gwamnatin tarayya ta fara a 2012 na aika wa manomi saƙon taki ta wayar salula ya nuna cewa rajista tana rage 'yan tsakiya, ko da yake shirin bai ɗore ba. Tarakta kuwa, a harabar sakatariyoyi da yawa za a iske su a jibge, an sayo ba tare da tanadin kayan gyara ko makaniki ba. Ga manomi mai eka biyu ko uku, bashin shanun huɗa da garma ta hannun ƙungiyar gama kai ya fi dacewa, domin shanun suna ba da taki, suna jan amalanke, kuma ana sayar da su da riba bayan an yi aiki da su.

Ina kuɗin yin duk wannan zai fito?

Ƙananan hukumomi suna da kashi 20.60 cikin 100 na asusun tarayya, jihohi 26.72, gwamnatin tarayya 52.68. Shekaru da yawa kason nasu yana bi ta asusun haɗin gwiwa da sashe na 162 na kundin tsarin mulki ya tanada, kuma koken da aka daɗe ana yi shi ne gwamnoni suna sakin abin da suka ga dama, abin da bai fi albashi ba. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, ta kuma ce ba a ba majalisar da ba zaɓaɓɓiya ba kuɗin, wato ta rufe ƙofar kantomomi. Aiwatar da hukuncin ya gamu da jan ƙafa.

Ko kuɗin ya iso, ba shi ne ƙarshen magana ba. Albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya yana cin kaso mafi girma, kuma babu dokar da ta tilasta wa shugaban ƙaramar hukuma ya ware wani kaso domin noma. Akwai kuma kuɗin shiga na cikin gida, musamman daga kasuwannin hatsi da na dabbobi, kuma adalci ne a ce wani ɓangare na abin da aka karɓa a hannun manomi ya koma ga hanya, rumfa da sito na kasuwar da aka karɓe shi.

Me za ta iya yi game da zaizaya, hamada da masu haƙar yashi?

Manyan ayyuka suna hannun jiha da tarayya, kamar shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da ya shafi jihohi 11, da shirin farfaɗo da ƙasa na ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja. Rawar ƙaramar hukuma ita ce samar da fili ba tare da zalunci ba, da kuma tsare dashe bayan an tafi, domin itatuwan da aka dasa a bikin dashe mafi yawansu awaki da rani ne suke gamawa da su. Kwazazzabo kuma tun yana ƙarami ake tare shi da duwatsu da jema, kafin ya zama aikin injiniyoyi.

Yashi da dutse suna ƙarƙashin dokar ma'adinai ta tarayya ta 2007, saboda haka ƙaramar hukuma ba ta ba da lasisin haƙa. Duk da haka tana iya kai ƙara, tana iya ƙin sa hannu a cinikin gonar da za a mayar kududdufi, tana kuma iya hana tifofi lalata hanyoyinta.

Noman rani fa?

Manyan madatsun ruwa kamar Tiga, wadda take shayar da gonakin Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam, suna ƙarƙashin hukumomin raya koguna na tarayya, a nan Hukumar Haɗeja da Jama'are. Inda ƙaramar hukuma ta fi tasiri shi ne ƙananan fadamu. Shirin Fadama da aka fara a farkon shekarun 1990 ya yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse da ƙaramin injin ban ruwa, kuma a zagayensa na baya an buɗe ofishinsa a sakatariyoyin ƙananan hukumomi, ƙungiyoyin manoma suna tsara abin da suke so da kansu. Sai dai bunƙasar noman rani ta zo da nata rikicin, domin fadama ita ce mafakar dabbobi da rani, saboda haka duk sabon lambu ya kamata a bar masa hanyar mashaya tun ranar awo.

Rabon gado yana ƙara ƙanƙantar da gonaki. Akwai abin da hukuma za ta yi?

Ƙaramar hukuma ba ta da hurumin taɓa kason da shari'a ta yanke wa kowane magaji, kuma rabon aikin malamai ne da kotu. Abin da za ta iya shi ne rajistar gona da sunan magada gaba ɗaya idan sun zaɓi su ci gaba da noman gandu, da kuma rubuta kason mata da sunansu, domin sau da yawa 'yan'uwa maza ne suke riƙe gonar 'yar'uwa ko ta matar mamaci da sunan kulawa har ta ɓace. A mazhabar Malikiyya abokin tarayya a ƙasar da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato shi ya fi cancanta ya saya idan ɗan'uwansa zai sayar da kasonsa, kuma sanin wannan yana hana gonar gida faɗawa hannun dillali.

Idan ina da koke ko buƙata, ta ina zan fara?

A fara da mai unguwa da dagaci idan maganar iyaka ce ko ɓarna, a kuma nemi a rubuta abin da aka yanke, shaidu su sa hannu. Idan maganar rajista ce, ko an ga ana yanka burtali ko fadama, a rubuta takarda zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma ta hannun sashen ƙasa ko na gona, a ba kansilan mazaɓa kwafi, a kuma riƙe kwafin da aka buga wa hatimi da kwanan wata. Koken ƙungiya ya fi na mutum ɗaya nauyi. Idan ba a sami biyan buƙata ba, rikicin ƙasar da ke ƙarƙashin izinin gargajiya ana iya kai shi kotun yanki ko babbar kotun jiha, wanda kuma ya shafi takardar mallakar da gwamna ya bayar babbar kotu ce kaɗai take saurarensa. Buƙatar hanya, kwalbati ko sito kuwa, a gabatar da ita tun ana haɗa kasafin kuɗin shekara mai zuwa a watannin ƙarshen shekara, a kuma nemi ganin ko ta shiga cikin takardar kasafin da majalisa ta amince da shi.